Maɗigar Bakwaini

Duk tsohuwar da aka miƙa wa jariri a Malanville, abu ɗaya take fara yi. Tana ɗaga hular, ta aza yatsu a tsakar kai, ta ji bugun maɗiga. In ta ji daidai, sai ta ce masha Allah. In wurin ya lotsa, sai ta juya wajen uwar: "Ke 'yar nan, yaushe rabonsa da nono?" Ko Badendiya ce, ko Bazabarma, ko Bahausa, ko Bafillata, wurin nan hannunta yake zuwa.

To, likita ma a nan yake aza na'urarsa. Ƙasusuwan kan ba su haɗe ba tukuna, don haka sauti yana ratsawa ya dawo da hoto. Irin na'urar nan ce da ake duba mai ciki da ita ranar awo, sai dai bakinta ƙarami ne. Da ita ake ganin ko jini ya zuba a cikin ƙwaƙwalwa. Hakan ya fi samun jaririn da aka haifa kafin mako 32, domin jijiyoyin wurin ba su yi ƙwari ba. Galibi a kwana 3 na farko abin yake faruwa, tun kafin a fara maganar ragon suna.

Ka san cikakken ciki mako 40 ne. Wanda ya fito kafin mako 37 shi ne bakwaini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta irinsu miliyan 13.4 a shekarar 2020, wato kusan ɗaya cikin kowace haihuwa 10. Mu ido ya fi kai mu ga ƙananan ƙafafu da fatar da ake hango jijiya ta cikinta. Babban aikin kuwa a cikin kai yake. A wata na shida ƙwaƙwalwa kusan sumul take. A watanni ukun ƙarshe ne take naɗewa, ta yi kwari da tudu, zaruruwan da ke kai saƙo daga sashe zuwa sashe su miƙe. Ko a mako 35, nauyinta bai wuce kashi biyu cikin uku na wadda ta cika wata tara ba. Bakwaini dole ya ƙarasa wannan aiki a waje, cikin haske da hayaniya da sanyin hunturun da ke tasowa daga kogin Isa.

A Landan an daɗe ana kallon yadda yake ƙarasawa. A asibitin St Thomas, masu bincike na King's College da Imperial College da Jami'ar Oxford sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar ɗaruruwan jarirai da na'urar MRI, bakwaini da waɗanda suka cika. Na'urar tana da ƙara kamar injin niƙa. Sai a bari jariri ya ƙoshi, a naɗe shi, a toshe masa kunnuwa, a jira barci ya ɗauke shi kafin a tura shi ciki. In ya motsa, hoto ya ɓaci.

Ban raina aikin ba, amma girman na'ura ba ya ruɗa ni. Abin da ta gano ya fi damuna. A Edinburgh, ƙungiyar Farfesa James Boardman ta duba jarirai 47 da aka haifa kafin mako 33. Waɗanda nonon uwa zalla suka sha a mafi yawan kwanakinsu na asibiti, zaruruwan ƙwaƙwalwarsu sun fi haɗuwa da kyau. A Bogota ta ƙasar Kolombiya kuwa, Dakta Edgar Rey ya rasa isassun kwalaben saka jarirai a 1978, sai ya koma ɗaura su a ƙirjin iyayensu mata, fata da fata. Daga baya Dakta Nathalie Charpak ta bi sawun irin waɗannan yara har suka kai shekara 20, ta ɗauki hoton kansu. Wasu sassan ƙwaƙwalwar sun fi girma ga waɗanda suka fi daɗewa a ƙirji.

Shiga kasuwar Malanville ka duba tsakanin buhunan albasa da na shinkafa. Ba macen da ke buƙatar a koya mata goyo. Amma goyonmu na baya ne, kuma akwai riga tsakani. Bakwaini gaba yake so: tsakanin nonuwa, kai a juye gefe ɗaya, ba komai a jikinsa sai hula da ɗan ƙyallen kumzugu, zani ya riƙe shi har ƙasan kunne. Na ga yarinyar da ta yi haka a bakin asibiti, surukarta tana gefe tana faɗa a hankali: "Haba, a ce mutum ya goya ɗa a gaba?" Ita kuwa ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Inna, haka malamar asibiti ta ce a yi." Kan yaron bai cika tafin hannunta ba.

Malamar tana da hujja. Gwajin da aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da Ile-Ife ta Najeriya, wanda aka buga a 2021, ya shafi jarirai masu nauyin kilo 1 zuwa 1.8. Da aka fara ɗaura su a ƙirji nan take bayan haihuwa, mace-mace a watan farko sun ragu da kashi 25 cikin 100.

Akwai abin da hotunan Landan ba su ɗauka ba. Uwar da ke zaune kusa da fadamun shinkafa tana fama da sauro, kuma zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki yana jawo haihuwa kafin lokaci, yana kuma ƙarar da jini. Ƙwaƙwalwar ɗanta ta bi ta wata hanya dabam, ita ma tana buƙatar a gan ta. Ba wanda zai ɗauki jaririn kilo ɗaya da rabi ya bi da shi titin Kandi da Faraku, fiye da kilomita 700, zuwa Kwatano don hoto. Yanzu dai an ƙera ƙaramar MRI mai tayoyi, sunanta Swoop, wadda ake jonawa a soket irin na gida. Hotonta bai kai na babbar fitowa tar ba. An riga an kai ta Malawi da Uganda da Ghana.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne yaron da ya rayu. Da zarar ya yi ƙiba ya fara gudu, kowa ya manta. A Birtaniya da Ireland an bi yaran da aka haifa a 1995 kafin mako 26 har suka shiga makaranta. Da yawansu lissafi ya fi ba su wuya, sannan tsayar da hankali wuri guda. A nan, yaro mai irin wannan hali sai a ce daƙiƙi ne, a nemo bulala. Malaminsa bai san komai game da kwanakinsa na farko ba. Katin awon yana gida cikin akwatin uwa, ƙarƙashin zannuwa. Abin da aka kai makaranta takardar haihuwa ce, mai rana da wata da shekara. Babu gurbin da ake rubuta mako nawa ya yi a ciki.