Fuskar Wa Ke Kan Kuɗinmu?

Mu ɗalibai kullum kuɗi na ratsa hannunmu, amma ba mu cika tsayawa mu kalli fuskokin da ke kansu ba. Rumawan dā kuwa sun ɗauki wannan da muhimmanci. Suna da kuɗin zinare mai suna aureus, nauyinsa kimanin giram 7, kuma sau da yawa fuskar matar sarki ce a kansa. Da Faustina, matar Sarki Antoninus Pius, ta rasu wajen shekara ta 140 miladiyya, mijinta ya yi shekaru ana buga kuɗi da fuskarta. 'Yarta, ita ma Faustina, an buga nata, a bayansa an zana gunkiyar haihuwa riƙe da jarirai, don mutane su san gidan sarauta ya samu magada. Wato an ɗora su ne saboda miji da 'ya'ya.

Ba sai mun je Rum ba. Iyayenmu mata a Gaya da Ajingi sun san sisin gwal da ake bayarwa sadaki, wani ma da kan Sarauniyar Ingila. Kakanninmu kuma sun yi ciniki da liyari, kuɗin azurfa mai hoton Maria Theresa ta Ostiriya da shekarar 1780 a jikinsa, har mata na rataya shi a wuya. Duk baƙi ne, duk 'yan sarauta.

Tamu fa? Ku juya naira ashirin. A bayan Janar Murtala za ku ga Ladi Kwali tana ginin tukwane. Ba matar sarki ba ce, hannunta ne ya kai ta can. A 1954 ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja, tukwanenta suka kai har Landan. Ta rasu a 1984, aka sa ta a kuɗi a 2007. Ita kaɗai ce mace mai suna a takardun naira. Matan Fulanin da ke ɗauke da ƙwarya a bayan naira goma ba a rubuta sunansu ba.

Abin da ke damunmu, ashirin ɗin ta kusa daina sayen komai. Ranar da ta ɓace daga kasuwar Gaya, Ladi ta tafi ke nan. Mu dai a ganinmu, in za a buga babbar takarda, Nana Asma'u 'yar Shehu ta isa a rubuta sunanta a gaba.