Jitar Kawu

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, kuma ba batun ƙa'idojin rubutu na zo da shi ba. Labarin wata jita ce, ku yi haƙuri da ni.

A yankinmu na Karaye da Rogo, in ka ce abin kiɗa mai tsirkiya, gurmi ne zai fara faɗo wa mutum a rai, sai garaya, sai kukuma da goge. Dukkansu suna da ciki da aka rufe da fata, kuma cikin ne ke amsa tsirkiya ya fito da sauti. Ko kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos da gwangwanin kifi aka yi masa ciki. Jita mai lantarki kuwa katako ce dunƙulalliya. In ka kaɗa ta ba a jone da lasifika ba, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji. Abin da ke yi mata baki shi ne ɗan maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla aka dasa a ƙarƙashin tsirkiyoyin. Tsirkiyar ƙarfe na rawa a kansa, sai 'yar wuta ta taso a cikin wayar, ta bi ta shiga amfilifaya a ƙara mata ƙarfi. Wato rabinta aikin kafinta ce, rabinta aikin mai gyaran rediyo. Leo Fender na Amurka, wanda sunansa ke kan jitocin da suka fi shahara a duniya, gyaran rediyo ne sana'arsa ta asali, bai ma iya kaɗa jitar ba.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ma mai gyaran rediyo ne a Karaye. Ya yi ci-rani biyu a Agadas, a can ya ga yadda samarin Buzaye ke raba dare da jita, ya dawo da abin a ransa. Ba shi da kuɗin saye, sai ya ƙera. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba: Mdou Moctar ɗan Nijar, wanda yau yake zagaya duniya da kiɗansa, da wayar birkin keke ya yi tsirkiyar jitarsa ta farko, kuma a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Bambancin kawai, shi Kawu babu wanda ya san shi sai 'yan majalisar ƙofar shagonsa. Allah ya yi masa rasuwa a 2011, ɗansa na fari ko yaye shi ba a yi ba.

Gidanmu ba gidan kiɗa ba ne. Kakarmu ba ta taɓa ɓoye cewa abin bai kwanta mata ba, tana cewa mu ba maroƙa ba ne, kuma ina ganin girman maganarta. Bayan rasuwa sai aka jingine jitar a ɗakin shirgi, bayan buhunan dusa. Ba a ƙone ta ba don ta mamaci ce, ba a kuma fito da ita ba don jita ce. Haka ta zauna shekara da shekaru, har bara da matar Kawu, wadda yanzu take aure a Rogo, ta aiko mahaifiyata da saƙo. Yaron ya girma, ya fara tambayar wane irin mutum ne ubansa, kuma ita ba ta da abin nuna masa sai hoton katin zaɓe. Tunda na yi difloma a fannin lantarki, ko zan duba in abin zai tashi?

Da na fito da ita rana, ga abin da na tarar. Gangar jikin da wuyan na maɗaci ne, kuma Kawu ya iya zaɓe, domin dangin maɗaci ne kamfanonin jita ke saye daga Afirka su yi nasu. Gara ba ta taɓa shi ba, sai wani ɗan farin katako da ya ƙara a gindi, shi ta cinye ƙurmus. Tsirkiya huɗu ya yi mata maimakon shida, duk sun yi tsatsa sun tsinke. Fentin kore ne, irin wanda ake shafa wa ƙofar shago, ya ɓaɓɓare kamar bawon gyaɗa. Na ɗora mita a kan wayar maganaɗisun, shiru. Ta yanke a ciki.

Aikin katakon bai ba ni wahala ba. Wani kafinta a unguwarmu ya yanka mini guntun maɗaci daga tsohuwar ƙafar gado, muka cike gindin da gam, muka ɗaure da robar tayar keke ya kwana biyu. Naɗin wayar ne ya ci ni lokaci. Na kamfani yakan kai zagaye 8,000 na wayar da kaurinta bai wuce na gashin kai ba. Wadda na samu wurin masu naɗin kwayil ɗin fanka a kasuwar Sabon Gari ta fi wannan kauri, don haka wajen 4,000 gurbin ya ɗauka. Keken ɗinkin mahaifiyata na ara, na ɗaure abin a jikin wilin hannu, ina juyawa ƙanwata tana ƙirga, duk ɗari ta ajiye ƙwayar masara ɗaya a faranti. Da muka gama na narka kakin zuma na tsoma naɗin a ciki, don in wayar tana motsi ko yaya ne, ihu jitar za ta riƙa yi da an ƙara murya. Mahaifiyata ba ta ce komai ba a duk kwanakin nan, amma ba ta karɓi kekenta ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne wuya. Kun san waɗannan ƙananan ƙarafa da ake gittawa a wuyan jita, inda ake danna yatsa? Ba da ka ake dasa su ba, lissafi gare su. A jitar da tsawon tsirkiyarta ya kai santimita 64.8, ƙarfe na 12 dole ya faɗa daidai tsakiya, a 32.4. Na farko yana 3.6, na uku 10.3, na biyar wajen 16.2, na bakwai wajen 21.5. Na ɗauko tef na auna na Kawu, waɗanda ya yi da sifok ɗin keke. Na biyar daidai. Na bakwai daidai. Na 12 ko gashi bai kauce ba. Amma na ukun yana 10.9, kuma wasu ƙarafan babu su sam, ko gurbinsu bai yanka ba.

Na tura wa wani abokina da muka yi makaranta tare hoto, yana kaɗa jita a cocinsu a Kano, ya san abin sosai. Ya ce in cire su duka in sake dasawa, tunda dai gyara nake. Ya ce in ba haka ba duk wanda ya ɗauke ta ya haɗa ta da fiyano, za a ji kamar ana faɗa. Kuma gaskiya ya faɗa, a ma'aunin da ya sani.

Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne, mutumin da ya samu tsakiyar tsirkiya daidai, ya samu na biyar da na bakwai, ta yaya zai ɓata na uku da milimita shida? Amsar ta zo ranar da na ɓalle murfin ramin wayoyi don in shimfiɗa masa takardar azurfa, wadda ke rage gurnanin da wutar gida ke sa wa jita. A jikin katakon, inda fenti bai shiga ba, akwai rubutun fensir layi biyu. Layin hagu lambobi ne, kuma su ne na littafi, da alama ya auna jitar wani ya kwafo. Layin dama nasa ne. Ya soke 10.3 ya rubuta 10.7, ya sake sokewa ya rubuta 10.9. Gaban wasu lambobin ya ja musu layi kawai. Na daɗe zaune da murfin a hannu. Ban taɓa ganin rubutun Kawu ba sai ranar.

Duk da haka ina so in ji da kunne. Na ɗaura sababbin tsirkiyoyi, na haɗa ɗan amfilifaya da batir mai bolt 9, na hau babur na nufi wani ƙauye a ƙasar Rogo inda aka ce mini akwai dattijon da ya yi zamani da gurmi. Ya daina kiɗa tun da ya dawo daga Makka, kuma bai yarda ya taɓa ta ba. Ya ce dai in danna masa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo na ukun ya ce in sake. Na sake. Ya ce, "Yaro, wanda ya yi wannan ya zauna da masu gurmi." Na ce, "Baba, me ka ji?" Ya miƙa hannun hagu a iska, ya lanƙwasa yatsa, ya ce a nan yatsa ke sauka. Gurmi ba shi da ƙarafa a wuya, yatsa ke neman wurinsa, kuma yawancin kiɗanmu a kan muryoyi biyar yake tafiya. Ashe abin da Kawu ya yi shi ne ya bar ƙarafan da yake buƙata, ya zubar da sauran, ya matsar da ɗaya zuwa inda kunnensa ya saba. Gurmi ya ƙera a cikin rigar jita.

A nan ne na tuna da mu. Sau nawa ɗan uwa yake turo labarinsa a zauren nan a duba masa, sai mu bi da jan biro mu gyara duk abin da bai yi kama da Hausar littafin makaranta ba? Wani lokacin kuskure ne, a gyara. Wani lokacin kuma haka kakarsa ke faɗa a Zarewa ko a Gumel, kuma da gangan ya sa. Ni na yi sa'a Kawu ya bar mini fensir. Mai labari yana raye, lambarsa na wayarka, tambaya ba ta cin kati da yawa.

Saura fenti. Na kankare koren da samfefa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, sai ga jan maɗaci ya fito kamar an wanke shi. Na fasa sake fenti, na shafa fanish shafi huɗu. Lokacin hunturu ne, ƙura na sauka a kan komai, don haka da asuba nake yi, in yayyafa ruwa a daɓen ɗaki in rufe ƙofa. Bayan wuyan kuwa ban kai masa samfefa ba. Akwai wurare uku da fentin ya goge har katako ya yi baƙi yana sheƙi, inda babban yatsansa ke zama. Mafi zurfinsu yana bayan ƙarfe na uku. Kakin zuma kawai na murza a kai. Rubutun fensir ma na rufe shi yadda na same shi, bayan na ɗauki hoto.

Kafin in kai ta Rogo sai da na je wurin Kaka, don ba zan fitar da kayan ɗanta daga gida ba ta sani ba. Ta sa aka ɗora mata a cinya, ta shafa wuyan, ta ce ba a gidan biki ba, ba kuma bayan magariba ba. Na ce to, Hajiya.

Matar Kawu ba ta fito ba ranar da na kai, daga ɗaki ta amsa gaisuwa. Yaron, da yake taubashina ne, da tsiya ya tare ni, wai me ya sa jitar babansa ta fi babur ɗina kyau. Na buɗe masa murfin ya ga lambobin, na ɗora babban yatsansa a gurbin na ubansa. Hannunsa bai cika wurin ba tukuna.

Makon jiya ya kira ni. Yana koyon wata waƙa da ya ji a waya, kuma duk sanda ya zo ƙarfe na uku sai ta ƙi. Ya ce, "Yaya, ba za ka matsar mini da shi ba?" Na ce ba zan matsar ba, amma zan ƙera masa wata mai tsirkiya shida da cikakkun ƙarafa, ya riƙa kaɗa abin da yake so a kai. Kafintan ya ce sauran ƙafafun gadon uku suna nan, na riga na ba da kafin alƙalami. Wayar naɗi ce sai na shiga Kano.