Minti Ashirin a Kan Raƙumin Ruwa

Mutanen gida idan suka tambaye mu sana'armu, mukan ce hawan igiyar ruwa muke yi, kuma ana biyanmu idan mun ci gasa. Sai su kwashe da dariya, su ce ashe har wasan ruwa ya zama aiki. Ba ma jin haushi. Mu kanmu da muka koya a bakin tekun Tarkwa Bay a Legas, da tsofaffin allunan da baƙi suka bari, sai daga baya muka san wasan yana da alƙalai da maki. Bahaushe ya kira igiyar teku raƙumin ruwa, kuma wanda ya raɗa sunan ya lura da kyau. Ga tozo, ga tafiya a jere kamar ayari, sannan ba ya durƙusa maka don ka matsu.

A ƙananan gasa irin waɗanda muke shiga, mutum huɗu ake sakawa cikin ruwa lokaci guda, kowa da launin rigarsa, a ba su minti ashirin zuwa talatin. Alƙalai biyar suna rumfa a bakin gaɓa, suna ba kowace igiya da ka hau maki, goma ne ƙarshensa. Ana yar da makin da ya fi yawa da wanda ya fi ƙanƙanta, a ɗauki matsakaicin sauran ukun. Ko igiya goma ka hau, biyu mafi kyau kawai za a haɗa maka. Idan aka busa ƙaho, mutum biyu su wuce gaba, biyu su tattara kayansu. Akwai kuma dokar fifiko: wanda ya fi daɗewa yana jira shi ke da ikon zaɓen igiya, idan kuwa ya yi garaje ya ɗauki marar kyau, ya koma ƙarshen layi.

Waɗannan mintoci su muke bi ƙasa ƙasa. Hukumar World Surf League ta jera abin hawa uku, mu muna na ƙasa, muna tara maki daga gasa zuwa gasa ko Allah zai sa mu haura. Lokacin sanyi ana Taghazout a Maroko, tsakiyar shekara ana Ballito, arewa da Durban a Afirka ta Kudu. Kowannenmu na jan jakar da ta fi shi tsayi, da allo uku ko huɗu a ciki, an naɗe su da tawul da duk rigunan da muka mallaka. A filin jirgi kuɗin wannan jaka ya danganta da fuskar da ka tarar a kanta. Wani ma'aikacin ya yi murmushi ya wuce da ita, wani ya kira farashin da ya kusa kai na tikiti. Sannan ka sauka, ka zuge zif da addu'a a bakinka, don hancin allo ba ya jure jifa.

Ga biza. Dakar kam fasfonmu ya isa, mu sauka mu nufi tsibirin Ngor ba mai tambayarmu. Sauran wurare sai layi da takardun banki. Ɗayanmu ya taɓa biyan kuɗin shiga gasa, fasfonsa ya kwana a wani ofishin jakadanci har aka raba kofuna. Abokin takararmu ɗan Faransa ko Ostireliya kuwa, ranar Talata zai duba hasashen teku a waya, ranar Alhamis yana cikin ruwa yana koyon halin wurin.

Amma abin da ya fi cin rai shi ne jira. Teku ba ta san an buga takardar gasa ba, shi ya sa masu shiryawa ke ware kwanaki, kullum da asuba su leƙa ruwa su yanke hukunci. Mu tashi cikin duhu, mu shafa kaki a allo, mu zura rigar roba mai ɗanyen sanyin jiya, sai a ce yau babu, a dawo gobe. Kowane gobe kuɗin ɗaki ne. Mu shida a ɗaki ɗaya, taliya da kifin gwangwani safe da dare, kuma wanda ya ara maka cajar waya da daddare shi za ka tarar sanye da jar riga a zagayenka, yana neman fitar da kai. Ba ma riƙe juna da wannan. Wanda aka fitar shi ke riƙe kyamara ya ɗauki wanda ya rage.

Wani lokaci a buɗe gasar, ka shiga, tekun ta kwanta luf. Kana zaune a kan allo, ƙafafu cikin ruwa, agogo yana tafiya, kana lissafin kuɗin da ka ranto. Saura minti ɗaya raƙumi ya taso, fifiko kuma yana hannun wani.

Iyayenmu mata kifin shak suke tsoro, tun da aka nuna musu bidiyon 2015, lokacin da ɗaya ya afka wa Mick Fanning ana tsakiyar wasan ƙarshe a Jeffreys Bay, ya kuma fita ba ƙwarzane. Muna kwantar musu da hankali. Saƙon da muke buɗewa da fargaba shi ne na mai ɗaukar nauyinmu a ƙarshen shekara.

Duk da haka ba mu daina cika fom ba. Mun ga Mikey February na Afirka ta Kudu ya kai babban mataki a 2018, mun ga Ramzi Boukhiam na Maroko ya bi sahu, kuma tun gasar Tokiyo da aka yi a 2021 wasan ya shiga Olamfik, har mutanen gida suka fara ganinsa a talabijin. Akwai kuma ranar da Taghazout ke tashi sosai, igiya ta miƙe daga bakin duwatsu doguwa santala, ka hau har cinyoyinka su yi zafi ba ta ƙare ba. A ranar gasa mutum huɗu ne kacal a wurin da aka saba cunkoso, kuma biyu daga cikinsu wani lokaci mu ne.