Mazaunin Inji

Duk wanda ya riƙe tsohuwar mota ya san akwai ranar da sitiyari kan fara rawa a hannu, madubi ya hau kyarma, alhali motar tana tsaye cik. Da yawanmu fulogi muke zargi, ko kabureta. Ba kasafai hankalinmu kan kai ga ƴan dunƙulen robar nan da inji ke zaune a kansu ba, wato abin da makanikai ke kira injin sit.

Inji mai fistin huɗu, irin na Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna, wuta takan tashi a cikinsa sau biyu a kowane juyi. Idan yana juyi 800 a minti, bugu 1,600 ke nan. Da a kan ƙarfe aka ɗaure shi, kowane bugu sai ya ratsa bodi ya iso ƙashin bayan direba. Haka motocin farko suke. A shekarar 1931 kamfanin Chrysler na Amurka ya fito da Plymouth wadda injinta ke lilo a kan roba, a 1932 kuma Citroën ta Faransa ta karɓi dabarar.

Sai dai fa roba tana da wuyar sha'ani. In ta yi tauri, tamkar babu ita, kugi ya cika mota har fira ta gagara. In ta yi laushi fiye da kima, inji ya riƙa tsalle duk sa'ad da aka saki kuloci, sandar giya tana kaɗawa, salansa yana dukan ƙarƙashin mota. Ga shi kuma baƙin mai da zafi suna cin ta a hankali, tsofaffin motocinmu kuwa ba su rabuwa da yoyo. Wannan ne ya sa muke ƙyamar al'adar yanko tsohuwar taya a cusa a gurbin mazaunin. Araha kam akwai, amma ba a yi robar taya don wannan aiki ba, girgizar da ta kasa shanyewa kuma kusoshi da bututan mai ne za su sha ta.

Lamarin ya wuce jin daɗin zama. Idan mazauni ya tsinke, inji kan ɗaga gefe guda, fanka ta iya taɓa lagireto. A 1971 General Motors ta nemi a mayar mata da motocin Chevrolet kimanin miliyan 6.7, domin injin da ya ɗaga yakan janyo totur, mota ta zabura ba da izinin direba ba.

Gwajin ba shi da wuya. A ja burkin hannu, a sa giya, a ɗan saki kuloci, wani ya tsaya daga gefe, ba daga gaba ba, yana kallon injin. In ya yi zumbur ya faɗo da ƙara, a canza mazaunan biyu tare, don sabo ɗaya ba ya daɗewa kusa da tsoho.