Kwana Biyu a Wani Gareji a Bisa Tsaunin Mambila

Duk wanda ya bar Serti ya wuce Mayo Selbe, ya fara hawan hanyar nan mai lanƙwasa kamar maciji, zai ji iska tana sauyawa tun kafin ya kai Maisamari. Sama da mita 1,500 tsaunin Mambila yake daga doron teku, ƙasa ce ta ciyawa da hazo da garken shanu, ga gonakin shayi a Kakara. Sai dai abin da ya fi zama mini a rai daga tafiyar da na yi can a daminar bara shi ne wata tsohuwar Land Rover, da dattijon da ya tashe ta bayan ta durƙushe.

Kwalta tana bi ta Nguroje ta kai Gembu. Da zarar ka sauka daga kanta, sai jan laka da duwatsu. A nan ne waɗannan motoci, da yawansu samfurin da aka daina ƙerawa tun 1985, suke ɗaukar masara da ayaba da fiya, su kai marar lafiya asibiti, su dawo da gishiri da taki. Ɗaya daga cikinsu na hau daga wani ƙauye, ina komowa daga tattara bayanan bincike, an jibga mata buhuna har sifirin ɗinta ya miƙe.

Muna tsakiyar wani hawa sai muka ji ƙara, ƙas! Inji na kuka, mota ta ƙi gaba. Direba bai ko firgita ba. Ya ce shaf ɗin baya ne ya karye, wato sandar ƙarfen da ke cikin aksul tana juya taya. A irin wannan ƙira kwankwason aksul ne ke ɗauke da nauyin mota, saboda haka taya ba ta ficewa ko da sandar ta karye. Muka sauke rabin kaya, ya danna ɗan maɓallin nan mai ruwan ɗorawa da ke kusa da giya, ƙafafun gaba suka karɓi aiki. Haka muka lallaɓa zuwa Nguroje bayan magariba.

Da safe bakanike, wani dattijo mai furfura, ya kwance notuna shida na bakin taya, ya zaro sandar. Guntunta ya maƙale a ciki. Da ya tsiyaye man giya a kwano sai ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli. Ya sauke difaranshal, tukunyar haƙoran da ke tsakiyar aksul tana raba ƙarfin inji ga tayoyi biyu, ya tarar ɓaraguzan sun gutsure haƙoran babban faifai.

Direba yana cikin ƙunci. Motar ba tasa ba ce, fiyar da ya ɗauko ta fara nuna, masu kaya kuma ba za su karɓi uzuri ba. Kafin azahar ya samo wani difaranshal na gwanjo da araha, ramukan notunansa sun yi daidai da na motar. Dattijo ya karɓa, ya sa alli ya yi alama, ya shiga ƙirga haƙora. Babban faifai 46, ƙarami 13. Na motar kuwa 47 ne da 10.

"Ɗana, mai da musu kayansu," in ji shi. "Wannan na wata mota ce mai gudun kwalta."

"Baba, ai ya shiga."

"Shiga daban, zama lafiya daban. In ka sa giyar ƙafa huɗu, baya zai riƙa neman wuce gaba. Ko dai giya ta fashe, ko ka sake karya wani shaf, kuma a kan gangare za ta yi maka."

Na yi lissafin a takarda. A wancan, farfela za ta juya kusan sau 3.5 kafin taya ta juya sau ɗaya, alhali aksul ɗin gaba yana bukatar 4.7. Abin da na rubuta da alƙalami, shi ya riga ya gani da yatsa.

Sai washegari aka samu haƙoran da suka dace, daga wata mota da ta daɗe a kife bayan gareji. Ya wanke cikin aksul da kananzir har sau uku, ya sauya boris, ya shafa wa haƙoran fenti ya juya su, yana duba inda suka ciji juna. Ya kwance, ya ƙara siririn wasa, ya sake ɗaurawa, har tabon ya zauna a tsakiyar haƙori. Yaransa biyu na tsugune suna kallo, babu mai cewa uffan. Kashi ɗaya cikin uku na fiyar ya lalace, direba ya ɗauki asarar yana gunaguni, amma motar ta hau tudun farko ba tare da ko tari ba.

Na shekara goma sha biyar ina koyarwa a jami'a, kuma na san ɗalibai masu digirin injiniya da ba su taɓa riƙe difaranshal a hannu ba. Ga mutumin da kasuwannin ƙauyuka da dama suke tsaye a kan saninsa, ba shi da takardar shaida, ba wanda ya taɓa rubuta abin da ya sani. Motocin da yake gyarawa suna ƙarewa, kowace gawa tana ciyar da 'yar'uwarta, hanyoyin ƙauyukan kuwa suna nan yadda suke. Me zai hana kwalejojin fasaha na Taraba da Adamawa su riƙa tura ɗalibai irin waɗannan gareji na wata uku, a biya masu garejin haƙƙinsu na malamai?

Da zan tafi na tambaye shi wa zai gaje shi. Ya nuna ƙaramin yaron da ke goge sifana, ya ce, "In bai gudu ya koma acaɓa ba."