Naƙudar da na ɓoye da wadda na shirya wa

Na daɗe ina son rubuta wannan saboda ƙannenmu da aure ke kawowa Kudu, ciki ya tsufa, uwa tana can Arewa, babu halin tafiya goyon ciki.

Ni 'yar Funtuwa ce, aure ya kawo ni Agege. Maigidana yana harkar shanu a abbatuwar Oko-Oba. A cikina na fari na so in tafi gida haihuwa kamar yadda aka saba, amma doguwar tafiyar mota da tsohon ciki ta sa muka haƙura. Abu ɗaya na riƙe daga gida: mace ta gari ba ta raki a naƙuda. Na taso ina jin ana yabon wance, wai ta haihu a ɗaki ita kaɗai, sai kukan jariri aka ji.

Da ranar ta zo, mara ta fara murɗa mini bayan Magariba. Na yi shiru, na tuƙa tuwo, na kwanta ina cizon zani. Da Asuba maigida ya fita, kunya ta hana ni faɗa masa. Da hantsi faya ta fashe, ruwan ya fito kore-kore, ban san ma'anarsa ba. Sai wajen Azahar wata dattijuwa maƙwabciyarmu, da muke kira Inna, ta shigo aron turmi ta same ni durƙushe bakin gado.

"Ke 'yar nan, tun yaushe?"

"Tun jiya, Inna."

Ta saki salati, ta fita ta tare keke. Kun san cunkoson Legas, hanyar da ba ta kai rabin awa ba sai da ta ci mana fiye da awa ɗaya. A asibiti nas ta ce koren ruwan nan alama ce yaron ya yi kashi a ciki, mai yiwuwa ya galabaita. Na haihu bayan La'asar, yaro bai yi kuka ba. Ina kwance ina kallon bayan ma'aikata sun rufu a kansa. Har yau ban san minti nawa aka yi ba kafin na ji muryarsa. Ya kwana huɗu a ɗakin jarirai. Alhamdulillahi yau yana makaranta, amma a kwanakin nan huɗu na gane cewa da ransa na yi caca don a ce ina da dauriya.

Da na sami ciki na biyu na canza shiri. Na fara awo tun wata uku. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa, na yi ƙoƙari ban yi fashi ba. Turancina da Yarabancina ba su da ƙarfi, sai na riƙa tafiya da jikar Inna tana yi mini tafinta, duk abin da ban gane ba in tambaya.

A nan na koyi mene ne ciwon kansa. Mahaifa ce take matsewa tana saki don bakinta ya buɗe, har ya kai santimita 10 kafin a fara yunƙuri. A haihuwar fari hakan yana iya ɗaukar awa 12 ko fiye. Ciwon kuma zuwa yake yana tafiya: ya riƙe kamar minti ɗaya, ya saki, ki huta. Sanin wannan kaɗai ya rage mini rabin tsoro, shi kuma tsoro yana ɗaure jiki ya ƙara zafi.

Tun ciki yana wata takwas na haɗa jaka: kati, zannuwa, audugar mata, kayan jariri. Muka ware kuɗin mota, muka karɓi lambar mai keke biyu, muka san wanda zai ba da jini idan an buƙata. Muka yi da maigida cewa ciwo na farawa zan faɗa masa, ko yana tsakiyar ciniki.

Naƙudar ta zo da dare, na tashe shi, muka ɗauki Inna. Abin da ya taimake ni ba mai tsada ba ne. Ban kwanta rigingine ba, na riƙa zagaye a hankali, idan ciwo ya taso in jingina da bango ko in durƙusa. Ina jan numfashi ta hanci in sake shi a hankali ta baki, ina ambaton Allah. Inna tana danna mini ƙugu da tafin hannu, tana ɗora tsumma mai ɗumi. Tsakanin ciwo da ciwo ina kurɓar ruwa, na ci dabino biyu, ina yawan zuwa fitsari. Ban yi yunƙuri ba sai da nas ta duba ta ce lokaci ya yi. Na yi nishi, na yi ƙara ma, babu wanda ya zage ni. Ciwo kam na sha shi, amma kafin rana ta fito 'yata tana kan ƙirjina tana tsala kuka.

'Yan uwa, a guji jiƙe-jiƙen saurin naƙuda da allurar da ake yi a gida ko a kemis, suna iya fasa mahaifa. Idan zafi ya fi ƙarfinki, ki tambayi ma'aikata maganin da suke da shi. Idan kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska, ko jijjiga, ko koren ruwa, ko motsin yaro ya ragu, kada ki jira gari ya waye. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar kamuwa da yoyon fitsari. In likita ya ce sai an yi aiki, ba gazawa ba ce, kuma ba ya rage miki darajar uwa.

Iyayengijinmu maza, matanku ba za su fara faɗa ba, ku riƙa tambaya. Mu kuma mata mu tuna, a Suratu Maryam an ba mu labarin yadda zafin naƙuda ya kai Nana Maryam gindin dabino har ta furta abin da ke ranta. Idan ita ta yi magana, wace ce ni da zan ɓoye?

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya raya mana zuri'a, ya saka wa irin su Inna da alheri. Amin.