Turmi Uku Babu Kisa

A ƙasarmu, daga Funtua zuwa Malumfashi, a haɗa da Bakori da Ɗanja da Ƙafur, gona ce ke sa wa dambe rana. Sai an karye masara, an yanke dawa, an kai auduga ma'auna, kuɗi sun ɗan zauna a aljihun manomi, sannan kalangu ke fara kira. Asalin wasan na mahauta ne. Su ne ke bin garuruwa da kaka, inda ake bukukuwa ana yanka, su sayar da nama da rana, da la'asar su ɗaure hannu su shiga fage. Shi ya sa har yau kalangu, kiɗan mahauta, shi ne muryar dambe.

Mu da aka haifa a ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 mun riski wannan tsari da ransa. Daga baya karatu ya kai wasunmu ga cin abinci da kwamfuta, muna rubuta manhaja daga safe zuwa dare. Damben da muka bari a fage ya biyo mu cikin waya, sai dai ya iso da wasu kamanni daban. Mun kuma san abin da ya sauya shi, domin irin aikin hannunmu ne.

Wanda bai taɓa zuwa fage ba zai ɗauka dambe naushi ne kawai, alhali naushin shi ne abin da ya fi saurin wucewa. Yara ne ke buɗe fili, sai matasa masu neman suna. Manya ba sa sa zare sai rana ta yi sanyi. Kafin nan makaɗi zai ɗauko taken wani, jikinsa ya ɗauki tsuma, ya fito ya yi kirari, ya zagaya yana neman wanda zai tare shi. Akan daɗe ana zuga da lallashi kafin mutum biyu su yarda su haɗu. Kudu na gefensu, Arewa na nasu, ga Guramada, ga Jamus, kowane ɓangare da magoya bayansa.

Ɗan kallo ma yana da aikinsa. Shi ke zuga, shi ke yi wa makaɗi kari, shi ke liƙa wa wanda ya yi kisa kuɗi a goshi, shi ke kai labarin kasuwar Ɗandume ranar da take ci. Idan hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa, an yi kisa. Idan kuwa an yi turmi uku ba wanda ya faɗi, sai a raba su a ce babu kisa, kowa ya koma gida da mutuncinsa. Irin wannan damben ne ake daɗewa ana gardamarsa a teburin mai shayi, domin kowane ɓangare yana da hujjar da zai riƙe har kaka ta zagayo.

A 2017 aka buɗe tashar Dambe Warriors a YouTube, mutanen da ba su taɓa jin sunan Hausa ba suka fara kallon 'yan dambenmu. Sai ga kamfanin African Warriors na Maxwell Kalu, ɗan Najeriya da ya tashi a Ingila, ya shigo da niyyar mai da dambe sana'a irin ta gasannin faɗa na duniya. A 2023 kuma aka soma gasar Dambe Warriors League. Da su aka samu sikelin auna nauyi, da agogon da ke ƙayyade tsawon turmi, da alƙalai masu ba da maki, da likita a bakin fage.

Duk mai ƙaunar 'yan dambe dole ya yaba da yawancin wannan. Mun sha ganin yadda ake haɗa siririn yaro da ƙato don kawai yaron ya ji kiɗa ya kasa zama. Wanda aka karya wa muƙamuƙi, danginsa ne ke jinyarsa, 'yan kallo sun watse. An bar ɗaura akayau a ƙafa tun tuni, kuma ba mu ji wanda ya yi kewarsa ba. Idan yau ɗan dambe zai shiga fage ya san abin da za a biya shi tun kafin ya ɗaure zare, ya gina gida, ya sa 'ya'yansa makaranta, to, an yi gaba. Mutumin da ke sayar da lafiyarsa don mu ji daɗi ya cancanci fiye da tafi.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da waya ke yi wa kallon kansa. Manhajojin bidiyo suna da lissafin da ke zaɓa wa mutum abin da zai gani, kuma lissafin ba ya jin kalangu. Abin da yake ƙirgawa shi ne daƙiƙa nawa ka tsaya, yaushe ka ja yatsa ka wuce, wa ya tura wa wani. Mai yanka bidiyo ya san haka, don haka zai zubar da take, ya zubar da kirari, ya zubar da zagayen da ake yi ana auna juna, ya bar daƙiƙa ashirin da suka ƙare da mutum a ƙasa. Turmi uku babu kisa ba shi da kasuwa a wannan tsari. Ba wanda ya zauna ya yanke shawarar kashe shi. Mu masu wannan sana'a mun san cewa duk abin da ba a sa a ma'auni ba, a hankali yake ɓacewa ba tare da kowa ya kore shi ba. Ga kuma kamfanonin caca sun fara manna sunayensu a jikin fage, su kuwa abin da suke so a sani shi ne wa ya ci, wa ya faɗi.

Ba mu kaɗai wannan ya sama ba. Amurkawa suna da wasan da suke ji da shi kamar yadda muke ji da dambe, wato besbol, inda ɗaya ke jefo ƙwallo ɗaya ya doke ta da kulki. Fiye da shekara ɗari ana yin sa ba ruwansa da agogo, kuma masoyansa suna alfahari da hakan. Da masu gasar MLB suka ga matasa na gudu saboda tsawon wasa, sai a 2023 suka sa wa mai jifa agogo: daƙiƙa 15 idan ba kowa a kan tasha, 20 idan akwai. Wasan da a 2022 yake cin kimanin sa'a 3 da minti 4 ya dawo kimanin sa'a 2 da minti 40. Tsofaffi sun yi ƙorafi, amma a wannan shekarar waɗanda suka shiga filayen kallo sun haura miliyan 70, fiye da na bara. Agogo bai kashe wasan ba.

Abin da ya ƙona ran masoya ya faru ne a birnin Okland. Ƙungiyar Athletics ta zauna can tun 1968, kakanni sun kai jikoki kallonta. Da aka gama kakar 2024 mai ƙungiyar ya kwashe ta, da niyyar kai ta Las Begas inda yake hangen kuɗi. Mutanen garin sun yi zanga-zanga, sun cika fili suna kiran ya sayar da ita ya bar musu, bai saurare su ba. A ranar suka gane cewa abin da suke kira namu yana da takardar mallaka, kuma ba sunansu a kai.

Wannan ne ya kamata ya hana mu barci, fiye da sikeli ko agogo. Damben ƙasarmu ma ya yi ƙaura, sai dai ba attajiri ne ya kwashe shi ba, tsoro ne. Tun da 'yan bindiga suka addabi Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, inda aka sace ɗaruruwan ɗalibai a Disambar 2020, wa zai hau babur ya tafi kallon wasa a wani ƙauye ya dawo bayan magariba? Manomin da bai samu ya girbe gonarsa cikin kwanciyar hankali ba, da me zai yi kari? Manyan 'yan dambe sun tattara a birane: Ado Bayero Square a Sabon Garin Kano, Dei-Dei a Abuja, Marabar Nyanya a jihar Nasarawa, har Legas. Mu kuma aka bar mu da waya.

Ita ma wayar ba tabbas gare ta ba. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi. Watanni aka yi a haka, kuma daidai lokacin kaka. Ba fage, ba intanet. Yaron da duk abin da ya sani na dambe yana cikin tashar wani kamfani, a waɗannan watanni ba shi da komai. Tsohon da ya haddace wa ya kashe wa, a wane gari, a gaban wane makaɗi, shi nasa yana nan a kansa.

Amurkawa suna rubuta sakamakon besbol a jaridu tun ƙarni na 19, shi ya sa ko an sauya doka, ko ƙungiya ta bar gari, tarihin yana hannun masoya. Namu rumbun bayanan yana cikin sunaye da bakin makaɗa. Idan ka ji Shagon wane, ka san ubangidan da ya rene shi. Idan ka ji Bahagon wane, ka san hannun da yake ɗaurewa. Autan wane kuwa ya gaya maka matsayinsa a gidan. Ba mu ga Shago da idonmu ba, amma mun san shi, domin Ɗan Anace ya ajiye mana shi. Gajeren bidiyon da ke yawo da take na Turanci, ba sunan gari, ba sunan ubangida, ba sunan mai kiɗa, yana iya samun masu kallo miliyan guda bai ajiye wa kowa komai ba.

A nan ne namu aikin yake, mu da muka san fage muka kuma san kwamfuta. Ba sai mun jira kamfani ba kafin mu fara rubuta kowane wasa da Hausa: cikakken sunan ɗan dambe, ɓangarensa, garinsu, ubangidansa, wanda ya yi masa kiɗa, turmi nawa aka yi, an yi kisa ko ba a yi ba. Mai ɗaukar bidiyo ya yanka gajere don kasuwa, amma ya ajiye cikakken a inda za a same shi. A zauna da tsofaffin mahautan Funtua da Malumfashi a naɗi abin da ke kansu tun suna da rai, a kuma saukar da shi yadda za a iya tura wa juna ko babu sabis. Masu shirya gasa kuwa, waɗanda ke cin moriyar yaran da ƙauyuka suka rena, mu riƙa tambayarsu yaushe za su kawo wasa gida.

Muna fata zaman lafiya ya dawo, a karye masara ba tare da waige ba, kalangu ya sake kira da la'asar. Idan ranar ta zo, 'ya'yanmu za su iso fage da ido wanda ya saba da daƙiƙa ashirin. Sai mun zaunar da su kusa da mu, mun gaya musu taken wa ake kaɗawa, da dalilin da ya sa wancan mutumin ya miƙe tsaye jikinsa na rawa, da abin da ya sa jama'a ke tafi bayan turmi na uku alhali ba wanda ya faɗi.